Daidai Ruwa Daidai Tsaki: Yadda Wayar Salula Ke Auna Ƙarfin Muryarta a Zangon Milimita

Kowace wayar salula ƙaramin gidan rediyo ce, domin tana kama saƙon da hasumiyar sadarwa ke watsowa, kuma ita ma tana watsa nata saƙon zuwa ga hasumiyar. Layukan sabis da ke bayyana a saman fuskar waya suna nuna ƙarfin abin da wayar ke ji ne kawai, ba sa nuna ƙarfin abin da take aikawa, alhali kuwa a wannan ɓangare na biyu ne mafi yawan wahalar sadarwa take. Hasumiya tana da janareto da manyan eriyoyi a kan dogon ƙarfe, amma waya ba ta da komai sai ɗan batir da eriyar da ba ta kai tsawon yatsa ba, ga ta kuma manne da jikin mutum. Saboda haka dole ne a kowane lokaci ta yanke hukunci a kan ƙarfin da za ta yi magana da shi, ta yadda hasumiya za ta ji ta ba tare da ta danne muryar sauran wayoyi ba, ko ta cinye cajinta a banza, ko ta ƙetare iyakar da aka gindaya don kare lafiyar mai riƙe da ita. Wannan aiki shi injiniyoyi ke kira daidaita ƙarfin aikawa, kuma ya ƙara sarƙaƙiya tun da sadarwar 5G ta shiga zangon milimita.

Ma'anar zango da ma'aunin ƙarfi

Masu sauraren rediyo a ƙasar Hausa sun daɗe da sanin gajeren zango, inda ake kama tashoshin ƙetare a kan mita 16 ko 19 ko 25 ko 31, kuma waɗannan lambobi tsawon igiyar rediyon suke nunawa, wato tazarar da ke tsakanin tudun igiya ɗaya da na gaba. Gwargwadon yadda igiya ke yawan kaɗawa a cikin sakan guda, gwargwadon gajartar zangonta, ana kuma auna yawan kaɗawar da hatz: megahatz ɗaya kaɗawa miliyan ɗaya ce a sakan, gigahatz ɗaya kuwa biliyan ɗaya. Igiyar GSM ta megahatz 900 tsawonta kusan santimita 33 ne, ta gigahatz 3.5 da 5G ke hawa a Najeriya ba ta kai santimita 9 ba, ita kuwa ta gigahatz 28 milimita 11 ce kacal, kuma daga nan sunan zangon milimita ya samo asali. Ƙungiyar 3GPP, wadda aka kafa a 1998 don tsara ƙa'idojin sadarwar salula na duniya, ta raba igiyoyin 5G gida biyu: na ƙasa daga megahatz 410 zuwa gigahatz 7.125, na sama kuma daga gigahatz 24.25 zuwa 52.6, wanda daga baya aka faɗaɗa shi har zuwa 71.

Shi kuwa ƙarfin aikawa da wat ake auna shi, sai dai da yake bambancin da ke tsakanin ƙarami da babba yana da faɗi ƙwarai, masana sun fi amfani da desibel, ma'aunin da ke tafiya bisa ninki. Ƙarin desibel 3 yana nufin ƙarfi ya ninka sau biyu, desibel 10 sau goma, desibel 20 sau ɗari, desibel 30 kuma sau dubu. Wayar GSM tana iya kai wat 2 a kan megahatz 900, amma yawancin wayoyin 4G da 5G iyakarsu miliwat 200 ce, wato kashi ɗaya cikin biyar na wat guda, kuma wayar 4G na iya sauke muryarta ƙasa da wannan iyaka har ninki kusan miliyan biyu idan tana gindin hasumiya.

Matsalar na kusa da na nesa

Dalili na farko da ya sa ake daidaita ƙarfi shi ne igiyar rediyo tana raunana da nisa, kuma raunin ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da nisan, ya fi shi sauri. A fili fetal, idan nisa ya ninka sau goma, ƙarfin da ke isa hasumiya yana raguwa sau ɗari, a cikin gari mai gine-gine kuwa raguwar kan kai sau dubu ko fiye. Idan aka ɗauki wayoyi biyu, ɗaya a tazarar mita 100 daga hasumiya ɗaya kuma a kilomita guda, suka yi magana da ƙarfi iri ɗaya, muryar ta kusa za ta binne ta nesa, tamkar zauren da aka taru ana shawara amma wanda ke zaune gefen mai gida ya ɗaga murya iyakar ƙarfinsa, har ba a jin na bakin ƙofa.

A zamanin GSM matsalar tana da sauƙi, domin kowace waya tana da nata gurbin lokaci, kuma takan aika wa hasumiya rahoton awonta kusan sau biyu a sakan, a riƙa rage ƙarfi ko ƙara shi da matakin desibel 2. Da fasahar CDMA ta zo, wadda kamfanin Qualcomm ya nuna a birnin San Diego na Amurka a 1989, sai dukkan wayoyi suka koma magana a kan igiya ɗaya a lokaci ɗaya, kuma tsarin ba ya aiki sam sai muryoyinsu sun isa hasumiya da ƙarfi kusan ɗaya. Wannan ya sa hasumiyar CDMA ke aika wa kowace waya umarnin ƙara ko rage ƙarfi sau 800 a sakan, adadin da ya haura zuwa 1,500 a sadarwar 3G. A 4G da 5G an sake raba wa wayoyin da ke ƙarƙashin hasumiya ɗaya gurabe dabam-dabam na lokaci da na igiya, don haka ba sa cika takura wa juna, amma saura maƙwabta: wayar da ke gefen yankin wata hasumiya, idan ta ɗaga murya, hasumiyar da ke kusa da ita takan ji ta a matsayin hayaniyar da ke lalata saƙon nata mutanen.

Ƙiyasin waya da gyaran hasumiya

Hanyoyi biyu ake haɗawa wajen daidaita ƙarfi, kuma kowace tana cike giɓin 'yar'uwarta. Ta farko ƙiyasi ne da waya ke yi da kanta. Hasumiya tana watsa wata alama ta musamman a kai a kai, tana kuma sanar da ƙarfin da ta watsa ta da shi, sai waya ta auna abin da ya iso gare ta, ta cire shi daga abin da aka sanar, bambancin da ya rage shi ne asarar hanya, wato abin da nisa da bango da bishiyoyi suka cinye. Daga nan sai ta ɗora wannan asara a kan ƙarfin da hasumiya ta ce tana son ji, ta kuma yi la'akari da faɗin gurbin da aka ba ta, domin aika bidiyo a gurbi mai faɗi ya fi aika ɗan gajeren rubutu buƙatar ƙarfi. Duk abin da lissafin ya bayar, ba a yarda ya wuce iyakar ƙarfin wayar ba.

A cikin wannan lissafi akwai wata hikima da ta cancanci a tsaya a kanta. Ba lallai ne waya ta biya asarar hanya gaba ɗaya ba, domin kamfanin sadarwa yana iya umartar ta da ta biya wani kaso kawai, misali kashi takwas cikin goma. Sakamakon haka shi ne wayar da ke nesa za ta isa hasumiyarta da murya mai ɗan rauni, saurin aikawarta ya ragu kaɗan, amma hayaniyar da take jefa wa maƙwabtan hasumiyoyi ta ragu, jimillar abin da dukkan masu waya ke samu kuma ta ƙaru. Ma'ana dai, an tauye mutum ɗaya kaɗan don jama'a su wadata, kuma zaɓen wannan kaso yana daga cikin manyan shawarwarin da injiniyoyin kamfani ke yankewa, gwargwadon cunkoson wuri da tazarar da ke tsakanin hasumiyoyi.

Hanya ta biyu gyara ne daga hasumiya, domin ita ce ke jin muryar wayar, ita ta san ko ta iso garau ko ta cakuɗe da hayaniya. Tare da izinin aikawa da take bai wa waya, takan haɗa ɗan gajeren umarni: a rage desibel 1, ko a tsaya yadda ake, ko a ƙara 1, ko a ƙara 3, kuma waɗannan gyare-gyare suna taruwa a kan juna har a kai ga daidai. Ita ma waya tana aika wa hasumiya rahoton rarar ƙarfinta, wato tazarar da ta rage tsakanin ƙarfin da take amfani da shi da iyakarta, don kada hasumiya ta ba ta gurbin da ba za ta iya cikawa ba.

Sallama a ƙofar hasumiya

Lokacin da ya fi kowanne wuya shi ne na haɗuwar farko, sa'ad da aka kunna waya ko ta shigo sabon yanki, domin a lokacin hasumiya ba ta san da ita ba, balle ta gyara mata murya. Abin da waya ke yi ya yi kama da na baƙon da ya zo ƙofar gida: yana fara sallama da murya matsakaiciya, idan ba a amsa ba ya ɗan ɗaga ta, ya sake, har a amsa. Waya tana aika wata gajeriyar alama da ƙarfin da ƙiyasinta ya ba ta, ta jira amsa na ɗan lokaci, idan shiru ta ƙara ƙarfi da matakin da hasumiya ta riga ta sanar, wanda kan kasance desibel 2 ko 4 ko 6, ta sake aikawa, har zuwa adadin ƙoƙarin da aka ƙayyade. Da za a bar kowace waya ta fara da iyakar ƙarfinta, da wuri irin kasuwar Kantin Kwari a Kano, inda dubban wayoyi ke neman shiga a lokaci guda, ya zama hayaniya zalla wadda ba a jin kowa a cikinta.

Idan kiɗa ya canza

Hausawa na cewa idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, kuma haka abin ya kasance a zangon milimita. Abin da ya ja hankalin kamfanoni zuwa can shi ne yalwar fili, domin tasha ɗaya tana iya kai faɗin megahatz 400, alhali a ƙananan igiyoyin 5G iyakarta 100 ce. Sai dai eriyar da ta dace da gajeriyar igiya ƙarama ce ƙwarai, abin da take kamawa ma kaɗan ne, ta yadda a nisa ɗaya asarar gigahatz 28 ta fi ta gigahatz 3.5 da desibel 18, wato ninki 64. Bayan haka igiyar ba ta iya ratsa bangon siminti yadda ya kamata, ba ta iya lanƙwasa ta kewaye kusurwar gini, ganyen bishiya da jikin mutum suna tare ta, a gigahatz 60 kuma iskar oksijin kanta tana shanye kusan desibel 15 a kowace kilomita. Binciken da Theodore Rappaport da abokan aikinsa na Jami'ar New York suka wallafa a 2013 ya nuna cewa duk da haka za a iya amfani da gigahatz 28 a tsakiyar birni, muddin hasumiya ba ta wuce tazarar kusan mita 200 ba.

Maganin da aka samo shi ne jera ƙananan eriyoyi da yawa wuri ɗaya, su haɗa ƙarfinsu su tura shi fuska guda, abin da ake kira bim. Bambancin tsohuwar eriya da wannan kamar bambancin fitilar ƙwai da tocila ne: fitila tana haska ko'ina amma haskenta ba ya nisa, tocila kuwa tana kai haske nesa amma sai inda aka nuna ta. Hasumiyar zangon milimita tana iya zagaya yankinta da bim har 64, ɗaya bayan ɗaya, waya kuma tana ɗauke da jerin eriyoyi a gefunanta, tana zaɓar wanda ya fi ganin hasumiya. Daga nan tambayar ta tashi daga ƙarfi nawa kawai, ta koma ƙarfi nawa kuma ta wace fuska, domin kowane bim yana da tasa asarar hanya, wanda ya tafi kai tsaye dabam, wanda ya bugi bangon gilashi ya dawo dabam. Saboda wannan ne ƙa'idojin 5G, waɗanda kashinsu na farko ya kammala a 2018, suka ba waya damar riƙe ƙiyasin asara har guda huɗu a lokaci ɗaya, domin idan aka sauya bim ta sauya ƙarfi nan take. Haka kuma a lokacin sallamar farko, idan waya ta juya bim ɗinta zuwa wata fuska, ƙa'ida ta ce kada ta ƙara ƙarfi a wannan karon, tunda mai yiwuwa ba raunin murya ne ya hana a amsa mata ba, fuskar da ta nufa ce ba daidai ba.

Ana ganin wahalar a fili idan aka dubi hannun mai waya. Mutum yana tsaye a bakin titi yana aika bidiyo, wayarsa a tsaye, jerin eriyar da ke gefen dama yana fuskantar hasumiyar da ke kan sandar fitila, sai ya kwantar da wayar ya riƙe ta da hannu biyu, tafinsa ya rufe wannan jeri. A cikin ƙiftawar ido asarar hanya ta yi tsalle da ninki goma ko ɗari, kuma gyaran desibel 1 ko 3 da hasumiya ke aikowa ba zai cim ma wannan gudu ba. Dole wayar ta gane abin da ya faru, ta koma kan jerin da hannu bai rufe ba, ta ɗauki ƙiyasin da ya dace da sabon bim, idan kuma duk hanyoyin sun toshe ta mayar da aikawarta kan ƙananan igiyoyin 4G ko 5G, waɗanda take riƙe da su a matsayin madogara.

Iyakar da lafiya ta gindaya

Akwai wata iyaka da ba hasumiya ce ke sa ta ba, hukumomin kare lafiya ne. Igiyar rediyo, har da ta zangon milimita, ba ta da ƙarfin tsinka ƙwayoyin halitta irin na hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, tasirinta da aka tabbatar shi ne ɗumama nama idan ta yi yawa. A ƙananan igiyoyi ana auna abin da jiki ke sha, inda Amurka ta sa iyakar wat 1.6 a kowane kilogiram, Turai kuma wat 2. Sama da gigahatz 6 kuwa igiyar ba ta shiga jiki da zurfi, a gigahatz 28 kusan duk ƙarfinta a fata yake tsayawa, don haka ake auna ƙarfin da ke sauka a kan faɗin fata, kuma hukumar ICNIRP mai mazauni a Jamus ta sabunta ƙa'idojinta a kan haka a 2020. Da yake bim yana tattara ƙarfi wuri ɗaya, wayar da ta gano cewa yatsa ko kunci yana gaban eriyarta tana rage ƙarfi, ko ta rage yawan lokacin da take aikawa, ko ta sauya jeri, kuma ƙa'idojin 5G da suka biyo baya sun ba ta hanyar sanar da hasumiya cewa ragin don kare jiki ne, domin hasumiyar ta nemo mata wata hanya maimakon ta ci gaba da umartar ta da ƙari.

Akwai kuma maƙwabtan sama. Taurarin ɗan'adam masu hasashen yanayi suna auna tururin ruwa a kan gigahatz 23.8, dab da inda igiyoyin 5G na sama suka fara, shi ya sa babban taron sadarwar rediyo na duniya da aka yi a Sharm el-Sheikh na Masar a 2019 ya ƙayyade yawan ƙarfin da waya ko hasumiya za ta bari ya zubo zuwa wannan gefe, tare da tsaurara iyakar daga shekarar 2027. Manomin da ke jiran hasashen saukar damina yana da ruwa da tsaki a wannan ƙa'ida, ko da bai taɓa riƙe wayar 5G ba.

Inda aka kwana

Kamfanin Verizon ya fara sayar da sabis na zangon milimita ga wayoyin hannu a biranen Chicago da Minneapolis a watan Afrilun 2019, amma fasahar ba ta bazu yadda aka yi zato ba, domin tana buƙatar hasumiyoyi kusa da juna, kuma raunin muryar waya shi ke fara yanke tazara tun kafin muryar hasumiya ta gaza. Koriya ta Kudu ta janye lasisin gigahatz 28 daga manyan kamfanoninta uku tsakanin 2022 da 2023 saboda ba su kafa adadin hasumiyoyin da suka yi alkawari ba. Inda fasahar ta fi amfani shi ne filayen wasa da filayen jirgin sama da cunkoson tsakiyar birni, da kuma intanet na gida, inda na'urar da aka kafe a bango take da izinin amfani da ƙarfi fiye da na wayar hannu tunda ba ta manne da jikin kowa. A Najeriya, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta yi gwanjon igiyar gigahatz 3.5 a watan Disambar 2021, inda MTN da Mafab suka yi nasara, kowanne a kan dala miliyan 273.6, MTN ya fara aiki a 2022, Airtel kuma ya biyo baya a 2023. Wannan igiya ba ta zangon milimita ba ce, amma dokokin daidaita ƙarfi da aka bayyana a sama su ne ke aiki a kanta.

Darasin da mai waya zai ɗauka a bayyane yake. Wayar da ke wurin da sabis ke da rauni, a cikin ɗaki mai kaurin bango ko a kan doguwar hanya tsakanin garuruwa, tana magana ne da iyakar ƙarfinta, shi ya sa take zafi kuma cajinta ke saurin ƙarewa, abin da ba ƙaramar asara ba ce a inda wutar lantarki ba ta tsayawa kuma ake biyan kuɗi a shagon caji. Matsawa kusa da taga, da guje wa rufe gefunan waya da tafin hannu, da kashe sadarwa a inda babu sabis sam, duk suna sauƙaƙa mata aiki. Haka nan ya kamata jama'ar unguwa da ke ɗar-ɗar da kafa hasumiya kusa da su su san cewa kusancin hasumiya yana sa wayar da ke manne da kunnensu ta rage ƙarfinta, nisanta kuwa shi ke tilasta mata ɗaga murya. Nauyi yana kan kamfanonin sadarwa su cike wuraren da sabis ke da rauni, yana kuma kan hukuma ta tabbatar da cewa wayoyin da ake shigowa da su kasuwa an gwada su sun bi ƙa'ida, domin waya ɗaya mai ihu fiye da kima tana tauye haƙƙin duk wanda ke tarayya da ita a hasumiya guda.